Allura Ta Tono Garma: Lacca A Kan Kurakuran Masu Koyon Harshen Kwamfuta



 An nemi in yi magana a kan kurakuran da masu fara koyon rubuta wa kwamfuta umarni suka fi faɗawa ciki, musamman a wurare biyu, watau wurin sa na'ura ta maimaita aiki, da wurin sa ta buga sakamako a fuskarta. Na san wani zai ce wannan ai magana ce ta cikin aji, ba ta kai a tara mata jama'a ba. To, ina roƙo a ba ni aron kunne saboda dalilai biyu. Na farko, a daidai wannan wuri ne ɗalibai masu hazaƙa sukan karaya tun makonnin farko. Yaro ya rubuta layi uku, na'ura ta ƙi karɓa, ya sake ta sake ƙi, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa wannan fanni ba nasa ba ne, alhali kuwa alama ɗaya tak ya manta. Na biyu, waɗanda suka jure suka wuce, gobe su ne za a damƙa wa lissafin albashi da na fansho da sakamakon jarrabawa. Kuskuren da a aji abin dariya ne, a ofis hakkin wani ne.

Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, kuskure iri biyu ne. Akwai wanda na'ura take kamawa ta tsaya ta yi ƙorafi, akwai kuma wanda take bari ya wuce shiru. Mai koyo yakan ji tsoron na farkon, ya saki jiki da na biyun. Ni kuwa ina so in nuna muku cewa na farkon shi ne mai arha, na biyun shi ne mai tsada.

NAHAWUN NA'URA

Kowane harshe yana da nahawunsa da ƙa'idar rubutunsa. Mu da muka zauna gaban malam da allo mun san cewa haruffan ba da ta da nun, in suka zo a farkon kalma, jikinsu ɗaya ne, ɗigo kaɗai ya raba su. Haka kuma a boko, lanƙwasa ɗaya ce ta raba baki da baƙi. Amma in abokinka ya rubuto maka cewa jiya sun yi "baki" daga Katsina, ba za ka ruɗe ba, domin hankalinka zai cike abin da alƙalaminsa ya bari. Kwamfuta ba ta da wannan karamci. Abin da ka rubuta shi take karantawa, ba ruwanta da abin da ka nufa.

Zan ɗauki misalaina daga harshen Python, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991, domin yana cikin harsunan da aka fi fara koyarwa da su. Bari mu daidaita kalmominmu tukuna. Jerin umarnin da mutum ya rubuta zan kira shi shiri. Manhajar da ke karanta shirin ta aiwatar da shi zan kira ta tafinta. Sunan da ake ajiye lamba ko rubutu a ƙarƙashinsa zan kira shi mazubi. Umarnin da ke sa a maimaita aiki kuwa zan kira shi zagaye, kuma a Python iri biyu ne, ɗaya yana farawa da kalmar for, ɗaya da kalmar while. Umarnin buga sakamako shi ne print.

Ya kamata a san cewa tafinta yakan duba nahawun shiri gaba ɗayansa kafin ya aiwatar da ko da layi ɗaya. Saboda haka in shirinka layi 50 ne, ka manta alama a layi na 48, ko layin farko ba zai yi aiki ba. Wannan shi ke firgita mai koyo, ya zaci dukan aikinsa ya rushe. Bai rushe ba, ƙofa ce aka rufe, kuma an rubuta maka a jikinta inda mabuɗi yake.

RUWA BIYU DA SHIGAR LAYI

Ga shiri mafi sauƙi, wanda zai buga lambobi daga 1 zuwa 5:

for lamba in range(1, 6):
    print(lamba)

Ku dubi ƙarshen layin farko, akwai alamar ruwa biyu. Ita ce ke shaida wa tafinta cewa kan magana ya ƙare, ga jikinta nan tafe. Mantawa da ita yana cikin kurakuran da suka fi yawa a makon farko, kuma tafinta zai amsa da SyntaxError, watau kuskuren nahawu. Tun daga Python 3.10, wanda ya fito a watan Oktoba na 2021, saƙon yakan faɗi ƙarara cewa ruwa biyu ake jira, har ya sa 'yar alama a daidai wurin. Duk layin da ya fara da for, ko while, ko if, ko else, lalle ne kan maganarsa ya rufe da ruwa biyu.

Sa'an nan ku dubi layi na biyu, an tura shi ciki da gurbi huɗu. A wasiƙa, shigar da layi ciki ado ne. A Python kuwa doka ce, domin da ita tafinta yake gane abin da ke cikin zagaye da abin da ke wajensa. In ba ka tura layin ba, za ka sami IndentationError. In ka gauraya gurbi da maɓallin Tab ba bisa tsari ba, za ka sami TabError, ko da a idonka layukan sun yi daidai. Maganin wannan shi ne ka zaɓi gurbi huɗu, wanda shi ne al'adar masu harshen, ka tsaya a kai.

Waɗannan duka masu ƙara ne, gyaransu bai wuce minti ɗaya ba. Amma ga inda shigar layi take yin ɓarna ba tare da ta yi tari ba:

jimla = 0
for kuɗi in [500, 200, 300]:
    jimla = jimla + kuɗi
print(jimla)

Wannan zai buga 1000, kuma daidai ne. In ka tura layin ƙarshe ciki, sai ya shiga zagaye, ya buga 500, da 700, da 1000, ka rasa wanne ne amsa. In kuwa layin da ke mai da jimla sifiri ya faɗa cikin zagaye, to kowane kewaye zai share abin da aka tara, a ƙarshe na'ura ta buga 300, hankalinta kwance. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, domin nahawu bai karye ba. Lissafi ne ya karye.

BUGA SAKAMAKO

Mu koma kan print. Da yawa daga cikinku kuna koyo da tsofaffin littattafai da takardun da aka gada daga yayye, inda za ku ga an rubuta kalmar print, sai gurbi, sai abin da za a buga, ba tare da baka biyu ba. Wannan salon Python 2 ne. Python 3 ya fito a watan Disamba na 2008, ya wajabta baka biyu, kuma an daina kula da Python 2 tun ranar 1 ga Janairu, 2020. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Littafin bai yi ƙarya ba a zamaninsa, amma kafin ka kwafi misali, duba shekarar da aka buga shi.

Haka nan tafinta yana bambanta babban baƙi da ƙarami. In ka fara kalmar print da babban baƙi, a wurinsa wata kalma ce dabam wadda bai taɓa ji ba, sai ya ba ka NameError. In ka kira mazubinka jimla a sama, ka rubuta Jimla a ƙasa, amsar ke nan.

Akwai kuma tarkon da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa fiye da wasu. Python ya yarda a kewaye rubutu da alamar zance mai ƙwaya ɗaya ko mai ƙwaya biyu. To, amma alama mai ƙwaya ɗaya ita ce dai muke sawa a cikin jama'a, da ma'aikaci, da sa'a, da 'ya'ya. Ku dubi wannan:

print('Sannu jama'a')

Tafinta zai ɗauka zance ya rufe bayan "jama", ragowar kuma ya rasa inda zai sa shi. Gyaran shi ne a kewaye rubutun Hausa da alama mai ƙwaya biyu a kullum:

print("Sannu jama'a")

Saboda wannan dalili ne kuma ba za ka iya kiran mazubi ma'aikata ba, sai dai ka cire alamar ko ka nemi wata kalma. Amma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, Python 3 yana karɓarsu har a sunan mazubi, kamar yadda kuka ga na rubuta kuɗi ɗazu. Abin kula kawai, kuɗi da kudi mazubi biyu ne a wurinsa.

Daɗin daɗawa, wanda ya rubuta shirinsa a Microsoft Word, ko ya kwafo shi daga takardar da aka tsara don bugawa, sau da yawa alamun zancensa sukan zo a lanƙwashe, tafinta kuwa miƙaƙƙu kaɗai ya sani. Ido ba ya saurin ganin bambancin. In saƙo ya ce ya ga baƙon harafi, share alamun ka sake buga su da hannunka.

Baka kuwa, duk wanda ka buɗe sai ka rufe shi. A tsofaffin fitowar Python, in ka bar baka a buɗe a layi na 7, tafinta yakan ci gaba da karatu yana jiran rufewa, sai ya je layi na 8 ya yi ƙorafi a can. Ɗalibi ya yi ta haƙa a layin da ba shi da laifi. Sababbin fitowa sun gyara wannan, suna nuna bakan da ba a rufe ba. Duk da haka ku riƙe wannan ƙa'ida: in ka duba layin da aka ambata ba ka ga kome ba, ɗaga ido ka dubi na samansa.

Sai haɗa rubutu da lamba. Mai koyo yakan rubuta:

print("Jimla: " + jimla)

Tafinta zai ƙi da TypeError, domin alamar tarawa ba ta haɗa kalma da lamba, kamar yadda ba a tara awaki uku da Talata. Sa waƙafi a madadin alamar tarawa, magana ta ƙare. Wannan mai ƙara ne. Ɗan'uwansa mai shiru yana wurin umarnin input, wanda ke karɓar abin da mutum ya buga. Duk abin da ya karɓa rubutu ne a wurinsa, ko da lamba aka buga. In mutum ya buga 5, ka ninka da 3 ba tare da ka mai da shi lamba da umarnin int ba, na'ura za ta ba ka 555 maimakon 15. Haka kuma in ka rubuta dubu hamsin yadda muka saba a takarda, da waƙafi a tsakiya, ka ce a buga, abin da zai fito shi ne 50 da 0, domin waƙafi a wurin tafinta raba abubuwa biyu yake yi.

Abu na ƙarshe a wannan babi, print yakan sauka sabon layi duk lokacin da ya gama. In kana son lambobi su jeru a layi ɗaya, kamar a jadawalin sau, sai ka rubuta haka:

print(lamba, end=" ")

Amma in zagaye biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, kada ka manta da sa print maras kome a ƙarshen kowane sahu, in ba haka ba jadawalin duka zai zube a layi guda kamar igiya.

WANDA YA FAƊI A BAKIN JERI

Yanzu mun iso inda na fi so ma'aikata su buɗe kunne. Ɗazu na rubuta range daga 1 zuwa 6, na ce zai buga 1 zuwa 5. Ba tuntuɓen harshe na yi ba. Umarnin range yana farawa daga lambar farko, ya tsaya kafin ta ƙarshe. Ga hanya mai sauƙi ta tunawa: ɗebe ta farko daga ta ƙarshe, abin da ya rage shi ne yawan kewayen. To, a ce an sa ka tara abin da aka biya ma'aikaci a shekara, ka rubuta:

for wata in range(1, 12):

Ɗebe 1 daga 12, saura 11. Watan Disamba ya faɗi. Na'ura ba za ta ce uffan ba, za ta ba ka jimla mai kyan gani, a buga ta a takarda mai hatimi. Abin da ya kamata a rubuta shi ne daga 1 zuwa 13.

Haka kuma jeri a Python daga sifiri yake fara ƙirga. Jerin sunaye 40 yana da gurabe daga 0 zuwa 39. Wanda ya fara zagayensa daga 1 ya tsallake mutumin farko, shiru. Wanda ya nemi gurbi na 40 kuwa zai sami IndexError, kuma wannan ya yi sa'a, domin an faɗa masa. Hanya mafi aminci ita ce a bar ƙirga gaba ɗaya in ba a bukatarta, a ce:

for suna in sunaye:
    print(suna)

'Yan'uwa, ku yi tunanin wannan mutum da ya faɗi a bakin jeri. Ba shi da laifin kome sai dai sunansa ne ya zo farko. Wata ya ƙare, kowa ya ga albashi ban da shi. Ko kuwa ɗaliba ce, an kafe sakamako a allo ba ta ga sunanta ba. Za su yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, ana ce musu "haka kwamfuta ta fitar". Kwamfuta ba ta fitar da kome ba sai abin da wani ɗan'uwanmu ya rubuta bai duba ba.

ZAGAYEN DA BA YA ƘAREWA

Zagayen while yana maimaita aiki muddin sharaɗin da aka ba shi yana nan a tsaye. Saboda haka wajibi ne a cikin jikinsa a sami abin da ke matsar da sharaɗin zuwa ga faɗuwa. Mai koyo yakan manta da layin da ke ƙara ƙirga, sai lamba ɗaya ta yi ta kwarara a fuskar na'ura ba iyaka. In haka ta faru, danna Ctrl tare da C, shirin zai tsaya.

Amma akwai wanda ya fi wannan dabara. A ce ma'aikaci ya ci bashin Naira 10,000, ana cire masa 3,000 kowane wata:

bashi = 10000
while bashi != 0:
    bashi = bashi - 3000

Alamar motsin rai da alamar daidai, in suka haɗu, ma'anarsu "bai yi daidai da". Watau an ce a yi ta cirewa har bashi ya zama sifiri cif. Mu bi shi da baki: 7,000, sai 4,000, sai 1,000, sai ya tsallake sifiri ya koma ƙasa da shi da 2,000, ya ci gaba da gangarawa har abada. Ya kamata sharaɗin ya ce muddin bashi ya fi sifiri. Ko bayan wannan gyara ma da saura, domin a wata na huɗu 1,000 ya kamata a cire, ba 3,000 ba. Wannan kuwa babu tafintan da zai faɗa maka, sai hankalinka.

Kada ku zaci masu koyo kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ranar 31 ga Disamba, 2008, na'urorin sauraron waƙa na Zune masu girman gigabayit 30, waɗanda kamfanin Microsoft ya sayar, suka sandare a rana guda a ko'ina. Dalili shi ne wani zagayen while da ke lissafin kwanan wata. Yana ɗebe kwanakin shekara ɗaya bayan ɗaya muddin abin da ya rage ya fi 365. In shekara mai kwana 366 ce, sai ya ɗebe in abin da ya rage ya fi 366. To, 2008 irin wannan shekara ce, kuma a ranarta ta ƙarshe abin da ya rage 366 ne daidai. Ya fi 365, saboda haka zagaye bai tsaya ba. Bai fi 366 ba, saboda haka ba a ɗebe kome ba. Shawarar da kamfanin ya bai wa jama'a ita ce su bar batir ya ƙare, su jira washegari. Nahawun wannan shiri lafiya lau yake, kuma ƙwararru ne suka rubuta shi.

A nan ne za ku gane cewa tsananin Python alheri ne. Alamar daidai guda ɗaya zuba abu take yi a mazubi, guda biyu kuwa tambaya suke yi ko abu biyu daidai ne. In ka sa guda ɗaya a sharaɗin while, Python zai ƙi nan take. Harshen C zai karɓa ya aiwatar. Waɗanda sashensu ke koyar da C ko Java, ku lura da wannan kuma:

for (i = 0; i < 10; i++);

Wannan waƙafi mai ruwa da ke ƙarshe ya rufe zagayen tun bai fara aiki ba. Na'ura za ta kewaya sau 10 ba ta yi kome ba, sa'an nan ta aiwatar da abin da ke ƙasa sau ɗaya tak.

Magabatanmu da suka koyi FORTRAN, harshen da kamfanin IBM ya fitar a 1957, sun san wanda ya fi wannan. A tsohon FORTRAN ana buɗe zagaye da DO 10 I = 1,10. In hannu ya zame aka sa aya a madadin waƙafi, to da yake harshen ba ya kula da gurbi, sai ya karanta layin a matsayin wani mazubi mai suna DO10I da aka zuba wa 1.10. Zagaye ya ɓace ɗungum, ba ƙorafi. Su kuwa a kan kati mai gurabe 80 suke huda umarninsu, su miƙa a ɗakin na'ura, su jira sa'o'i ko kwana kafin su ga sakamako. Wannan jira shi ya koya musu karanta shiri da fensir kafin su miƙa. Mu da amsa ke zuwa mana kafin ƙiftawar ido, mun sami sauri, amma wannan ɗabi'a tana neman kuɓuce mana.

HANYAR GYARA

To, mene ne abin yi? Zan ba ku ɗabi'u biyar.

Ta farko, karanta saƙon kuskure, kuma fara daga layinsa na ƙarshe, domin a nan Python yake faɗin irin kuskuren, a samansa kuma lambar layin. Da yawa sukan ga jan rubutu su rufe shi da sauri kamar takardar sammaci. Ruwa ba ya tsami banza. Ko Turancin ya yi maka nauyi, sunayen kurakuran da za ka riƙa gamuwa da su a shekarar farko 'yan kaɗan ne, kuma yau na ambata muku mafi yawansu.

Ta biyu, sauya abu ɗaya, ka gwada, kafin ka taɓa na biyu. Wanda ya sauya wuri biyar a lokaci guda, in shiri ya tashi bai san abin da ya tashe shi ba, in ya ƙi bai san abin da ya ƙara ɓatawa ba.

Ta uku, ɗauki takarda ka zama na'ura. Ja layi ga kowane mazubi, ka bi zagaye kewaye uku ko huɗu, kana rubuta abin da ke cikin kowanne, kamar yadda muka bi bashin nan ɗazu. Rubuta abin da layin ya ce, kada ka rubuta abin da kake fata ya ce.

Ta huɗu, mai da print fitilarka. Sa shi a cikin zagaye na ɗan lokaci ya nuna maka abin da mazubi ke ɗauke da shi a kowane kewaye. Gani ya kori ji. In ka gano matsalar sai ka cire shi.

Ta biyar, gwada bakin jeri. Kafin ka saki shiri a kan sunaye dubu, ba shi uku waɗanda ka san amsarsu da ka. Duba na farko ya fito? Na ƙarshe fa? In jerin babu kowa, me zai faru? Sa shirin ya buga yawan mutanen da ya bi ta kansu, ka gwada da yawan da ke cikin fayil. In fayil ya ce 40, na'ura ta ce 39, kada ka sa hannu.

In duk ka yi wannan abin ya faskara, nemi taimako, domin matambayi ba ya ɓata. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kawo shirin yadda yake, da saƙon kuskure cikakke, da abin da ka so ya fito, da abin da ya fito. Wanda ya zo ya ce "ba ya aiki" kawai, ya zo asibiti ne ya ƙi faɗin inda ke masa ciwo.

Na san wani yana cewa a ransa, ai tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, shi da ire-irensa suna gyara irin waɗannan kurakurai nan da nan. Gaskiya ne, kuma ban hana ku amfani da su ba. Za su mayar maka da ruwa biyun da ka manta, sau da yawa ma su nuna maka inda ƙirga ta zame. Amma su ma sukan yi kuskure, kuma shirin da suke bayarwa yakan zo da nahawu mai tsabta, watau in da kuskure a ciki, mai shirun ne. Ba su ga fayil ɗin da ke kan teburinka ba, ba su san dokar ofishinku a kan cire bashi ba. Ranar da aka zo bincike kuwa, sunanka ne a ƙasan takarda. Wanda bai iya bin zagaye mai layi huɗu da fensir ba, ba shi da abin da zai auna aikin da aka miƙo masa.

Daga ƙarshe, ina da roƙo ga ƙungiya. A ware sa'a ɗaya a mako, a sami aji, ɗalibai su zauna bibbiyu kowa ya karanta shirin ɗan'uwansa da babbar murya, layi bayan layi, 'yan manyan aji suna zagawa. Ba ya bukatar kuɗi, ko wutar lantarki ma ba lalle ba ne, takarda da fensir sun isa. Idon da ya rubuta abu yakan ga abin da ya nufa, idon baƙo shi ke ganin abin da ke kan takarda. Kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku kuma ƙannena da kuka fara bana, in na'ura ta mayar muku da aikinku da jan rubutu, kada ku ce ba ku da kai. Ta nuna muku wurin ne, ku gyara ku wuce. Ranar da ta karɓa ba ta ce kome ba, ran nan ne za ku jawo takarda ku ƙirga.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar da za a ɗora mana.